GIDAN IBN LUƘMAN: DARASIN TARIHI DAGA GARIN MANSURA

 

Darasinmu na wannan fitowa na tarihi ne. Zan ba ku labarin wani ɗan ƙaramin gida da na ziyarta a ƙasar Masar lokacin da nake karatu a Alƙahira, da yaƙin da ya sa aka san gidan. Ku karanta a hankali, akwai tambayoyi a ƙarshe.

YADDA NA JE

Wani abokin karatuna, mutumin lardin Daƙahliyya, shi ya gayyace ni garinsu Mansura a wani hutu. Garin yana arewa da Alƙahira da kamar kilomita 120, a bakin reshen Kogin Nilu da ke gangarawa Dimyaɗ. Da muka yi sallar Azahar a Masallacin Muwafi, sai ya nuna mini wani tsohon gini a gefen masallacin ya ce, "Ya Shaikh, a nan muka ɗaure Sarkin Faransa."

Na ɗauka wasa yake yi. Ni a zatona wurin da za a tsare sarki sai fada mai soraye da dogarai. Amma abin da na gani gida ne irin na malami, wanda ƙasa ta taso masa saboda daɗewa, har sai ka sauka kafin ka shiga. Ƙofarsa gajera ce, dole mutum ya sunkuya. Mutanen garin suna faɗi da alfahari cewa haka shi ma sarkin ya sunkuyar da kai ya shiga.

Wannan shi ne Gidan Ibn Luƙman. Mai gidan shi ne Alƙali Fakhruddin Ibrahim ɗan Luƙman, babban magatakardan sarkin Masar na wancan zamani. Kaɗan daga ainihin gidan ne ya rage. An mai da shi gidan tarihi, Shugaba Jamal Abdul Nasir ya buɗe shi a 1960.

ABIN DA KE CIKI

Ba a ɗaukar dogon lokaci kafin a gama zaga shi. Akwai ɗaki a sama da ake hawa ta matakala, nan ake nuna wa baƙi cewa aka tsare sarkin. Akwai kuma zauren da aka jera kayan yaƙi: takubba, sulke da kwalkwali. Da na ga sulken sai na tuna baradenmu ranar hawan salla, domin saƙar ƙarfen iri ɗaya ce. A bango akwai manyan zane-zane masu nuna yadda aka gwabza, da taswira. Akwai mutum-mutumin wasu daga cikin waɗanda suka yi suna a yaƙin. Masu sassaƙa na zamanin nan ne suka yi su bisa tunaninsu, saboda haka kada wani ya ɗauka ainihin kamanninsu ke nan. Ni dai taswirar ce ta fi tsai da ni, domin duk wanda bai fahimci yadda ruwa ya kewaye garin ba, ba zai fahimci yaƙin ba.

ME YA KAWO SARKIN FARANSA MASAR?

Kun san labarin Salahuddin al-Ayyubi da ya karɓo Baitul Muƙaddas daga hannun 'yan Salibi a 1187. Zuriyar gidansu, wato Ayyubawa, su suka ci gaba da mulkin Masar da Sham. Turawa suka lura cewa ƙarfin Musulmi, dukiya da mayaƙa, a Masar yake. Sai suka ce a fara sare gindin, rassa za su faɗo da kansu.

Sun taɓa gwadawa. A 1219 sun ci Dimyaɗ, sai Sarki al-Kamil ya kafa sansani a kudu da ita don ya tare musu hanyar Alƙahira. A 1221 ambaliyar Nilu ta rutsa da su, aka yi galaba a kansu. Wannan sansani shi ya zama gari, aka kira shi al-Mansura, wato wadda aka bai wa nasara.

A 1244 Ƙudus, wadda ta koma hannun Turawa ta hanyar yarjejeniya, ta sake kuɓuce musu. A ƙarshen shekarar Sarkin Faransa Luwis na Tara ya yi ciwo mai tsanani, ya yi alwashin in ya tashi zai fita yaƙi. Ya yi shekaru yana shiri. Ya taso a 1248, ya yi hunturu a tsibirin Ƙubrus, sannan a watan Yuni 1249 (shekara ta 647 bayan Hijira) jiragensa suka sauka a gaɓar Dimyaɗ. Mayaƙan da aka bar wa tsaron garin suka tsorata suka gudu cikin dare, Luwis ya shiga ba tare da ya sha wata wahala ba.

Sarkin Masar a lokacin shi ne as-Salih Najmuddin Ayyub, ɗan al-Kamil. Yana fama da ciwo, amma haka aka ɗauko shi aka kawo shi Mansura. Ya hukunta shugabannin da suka gudu hukunci mai tsanani. Shi kuwa Luwis ya zauna a Dimyaɗ wata biyar yana jiran ruwan Nilu ya janye, ƙanensa kuma ya iso da ƙarin mayaƙa. Wannan jinkiri ya ba Musulmi damar shiri.

MACEN DA TA RIƘE SIRRI

A watan Nuwamba 1249 rundunar Luwis ta kamo hanyar Mansura. A daidai wannan lokaci Allah ya yi wa Sarki as-Salih rasuwa. Ku duba wannan hali: abokan gaba suna tafe, sarki ya rasu, magajinsa Turanshah yana can nesa a Hisnu Kaifa, cikin ƙasar Turkiyya ta yau.

Matar sarkin, Shajaratud Durri, wadda asalinta baiwa ce, ta san in labari ya fita runduna za ta watse. Ta kira shugaban mayaƙa Amir Fakhruddin Yusuf da babban hadimin fada, suka yi shawara su ɓoye rasuwar. Aka ci gaba da kai abinci ɗakin sarki kullum kamar yana raye, ana cewa jikin ne ya hana shi fitowa. Takardun umurni suka ci gaba da fita da sa hannunsa. Wasu malaman tarihi sun ce ya bar takardu masu sa hannu kafin ya rasu, wasu sun ce wani hadimi ne ya iya kwaikwayon rubutunsa. Aka kuma tashi Amir Aƙɗai ya je ya taho da Turanshah. Daga baya labarin ya bazu har ya kai kunnen Turawa, amma kafin nan an riga an daidaita al'amura, runduna ba ta watse ba.

RUWA YA TARE HANYA

A arewa da Mansura wani reshe ya ɓalle daga Nilu ya yi gabas, ana kiransa Bahrus Sagir. A watan Disamba Turawa suka iso bakinsa suka tsaya, su a wancan ƙetare, Musulmi a wannan. Suka shiga cike ruwan da ƙasa don su yi hanya. To, duk tsawon da suka ƙara daga gefensu, sai Musulmi su haƙe gaɓar da ke nasu gefen, faɗin ruwan ya koma yadda yake. Suna kuma jefa musu wutar nafɗa da manjaniƙ, wato babbar majaujawa, tana ƙone rumfunan katako da suke fakewa a ciki. Aka shafe makonni a haka.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Wani mutumin yankin ya je ya nuna wa Turawa mashigi inda doki zai iya ƙetarewa, aka biya shi kuɗi. Abin da runduna ta kasa a makonni, kwaɗayin mutum ɗaya ya yi shi a dare ɗaya.

RANAR 8 GA FABRAIRU 1250

Da asuba barade suka fara ƙetarewa. A gaba akwai ƙanen sarki mai suna Robat, hakimin ƙasar Artuwa, tare da mayaƙan ƙungiyar Tamfila, waɗanda Larabawa ke kira ad-Dawiyya, da wasu barade daga Ingila. Umurnin sarki shi ne duk wanda ya ƙetare ya tsaya, har sai runduna ta gama haɗuwa.

Robat bai tsaya ba. Ya auka wa sansanin Musulmi ba zato ba tsammani. Amir Fakhruddin yana wanka ya ji ihu, ya fito ya hau doki ba sulke ba kwalkwali, aka kashe shi. Sansani ya watse, mutane suka ruga cikin gari. A rana ɗaya Musulmi ba sarki, ba shugaban yaƙi.

Shugaban 'yan Tamfila ya ba Robat shawara a dakata a jira sarki. Robat ya ƙi ji, har an ce ya yi musu gorin tsoro. Suka bi shi dole suka afka cikin Mansura.

A cikin gari akwai wata runduna da ake kira Mamalik Bahriyya. Bayi ne da Sarki as-Salih ya saya tun suna yara, ya horar da su a tsibirin Rauda da ke cikin Nilu. A cikin shugabanninsu akwai wani saurayi, Baibaras. Suka bar baraden suka kutsa cikin lunguna, sannan suka rufe su. Doki mai ɗauke da mai sulke yana da ƙarfi a fili, amma a ƙunƙuntar lungu ko juyawa ba ya iya yi. Mutanen gari suka tare hanyoyi, suna jifa daga saman gidaje. Robat ya mutu, shugaban baraden Ingila ya mutu, 'yan Tamfila suka rasa barade kusan 280. Har yanzu ranar 8 ga Fabrairu ita ce ranar bikin lardin Daƙahliyya.

Da muka fito daga gidan, abokina ya bi da ni ta tsofaffin lungunan kasuwa da ke kusa. Ba su ne ainihin na wancan zamani ba, amma da wani mai amalanke ya taho sai da muka manne da bango kafin ya wuce. A nan na gane abin da na sha karantawa ban gane ba. Gani ya kori ji.

JIRAGE A BAYAN RAƘUMA

Yaƙi bai ƙare a ranar ba. Luwis ya ƙetaro da sauran runduna, ya tsaya da ƙarfinsa, aka sake gwabzawa bayan kwana uku ba wanda ya kori wani. A ƙarshen Fabrairu Turanshah ya iso.

Duk abincin Turawa ta ruwa yake zuwa daga Dimyaɗ. Sai Musulmi suka ƙera jirage gunduwa-gunduwa, suka ɗora wa raƙuma, suka zagaya ta tudu, suka harhaɗa su suka saka a kogi a bayan Turawa. Duk jirgin abinci da ya taso sai a kame shi. Yunwa ta shiga sansanin Luwis, ga atuni, ga ciwon da ke ruɓar da dasashi saboda rashin abinci mai kyau. A farkon Afrilu suka juya za su koma Dimyaɗ, Musulmi suka bi su. Ranar 6 ga Afrilu 1250, farkon shekara ta 648, rundunar ta miƙa wuya a wajen Faraskur. Aka kama Luwis yana kwance ba ya iya tsayuwa, aka sa masa mari, aka kawo shi gidan Ibn Luƙman, aka sa wani hadimi mai suna Sabih ya tsare shi.

ABIN DA BAN SO JI BA

A nan zan faɗa muku laifina. Ina tsaye a ɗakin nan raina fari ƙal, ina ta yi wa abokina surutu kan yadda aka ƙasƙantar da mai girman kai. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ya akhi, ka tambayi inda wanda ya kama shi ya ƙare?"

Na yi shiru, domin na sani, na dai zaɓi in manta ne.

Turanshah ya zo ya tarar an riga an yi rabin aikin, amma bai gode wa waɗanda suka yi ba. Ya ture manyan mahaifinsa ya naɗa yaransa da ya zo da su. Ya aika wa Shajaratud Durri barazana yana tuhumarta da dukiyar mahaifinsa, ita da ta riƙe masa gadon sarauta wata uku. An ruwaito cewa yakan sare kawunan kyandirori da takobi da dare yana kiran sunayen shugabannin Bahriyya. Ranar 2 ga Mayu 1250, ko wata ɗaya ba a cika da nasara ba, Mamalik suka far masa a Faraskur. Ya gudu cikin wata hasumiyar katako, suka sa mata wuta, ya faɗa kogi, a nan suka ƙarasa shi. Kamammun Turawa suna kusa, wasunsu suna kallo. Da mutuwarsa mulkin Ayyubawa a Masar ya zo ƙarshe.

Akwai wani abu kuma. Sarki Luwis an kula da shi, likitocin fada sun yi masa magani har ya warke. Amma talakawan rundunarsa da ba su da mai fansarsu, da marasa lafiya, da yawa an kashe su, kuma malaman tarihi na Musulmi da kansu sun rubuta haka. Wannan ba abin alfahari ba ne. Kun karanta a darasin Sira yadda aka yi da kamammun Badar, aka ciyar da su, har wasu suka fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Wannan shi ne ma'auninmu. Wanda ya sauka daga kansa ya yi kuskure ko da namu ne.

YADDA AKA ƘARE

An daidaita cewa Luwis zai mai da Dimyaɗ fansar kansa, ya kuma biya dinari 800,000 fansar mutanensa. An biya rabi, aka sake shi, ya bar Masar a farkon Mayu ya tafi Akka. Wani mawaƙin Masar, Ibn Maɗruh, ya yi masa waƙar gargaɗi kada ya dawo, wadda ta sa sunan gidan nan ya ƙara yaɗuwa. Bai dawo Masar ba, amma a 1270 ya sake fita yaƙi, ciwo ya kashe shi a bakin Tunis. Mutanensa suna girmama shi ƙwarai, suna yabonsa da ibada da adalci a tsakaninsu, har akwai babban birni a Amurka mai sunansa. Mu ma ba za mu hana shi abin da yake nasa ba: ya ƙi ya bar rundunarsa ya tsira shi kaɗai alhali yana da hali. Amma ƙasar mutane ya zo ci, kuma ya ga sakamako.

Shajaratud Durri ta hau mulki kamar kwana 80, sannan ta auri Amir Aibak, daular Mamalik ta kafu. Bayan shekara goma, a 1260, waɗannan Mamalik ɗin, ƙarƙashin Sarki Ƙuɗuz tare da Baibaras, su suka karya rundunar Tatar a Ainu Jalut, bayan Tatar sun rushe Bagadaza a 1258.

Kada ku ɗauka wannan labarin wasu mutane ne da ba ruwanmu da su. A cikin waɗannan shekaru na 640 bayan Hijira, zamanin Mai Dunama Dabalemi, alhazan Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Malikiyya a tsohon birnin Masar, wadda aka sani da Makarantar Ibn Rashiƙ, suna sauka a cikinta. Da Masar ta faɗi, da hanyar hajji da ta karatu ta mutanen ƙasashenmu ta shiga wani hali.

DARUSSA

Na farko, gaggawa da ƙin jin shawara. Robat jarumi ne, kuma ya yi nasara da safe. Da ya tsaya awa biyu da labari ya canja. Sauri ya haifi nawa. Ɗalibin da ya haddace shafi ɗaya ya ce ba ya bukatar muraja'a, ya tuna da shi.

Na biyu, riƙon sirri da natsuwa lokacin tashin hankali. Shajaratud Durri ba ta ɗauki takobi ba, amma da ta ruɗe da ba a kai ga yaƙin ba. 'Yan mata, ku lura da wannan. Iyaye kuma, yarinyar da kuke tunanin cirewa daga makaranta, ba ku san ranar da gida zai dogara da hankalinta ba.

Na uku, amana. Ba a ƙetare Bahrus Sagir da ƙarfi ba, da cin amana aka ƙetare shi. Yaron da ke kwashe maganar gidansu yana kaiwa waje don a ba shi ɗan abin kashewa, ƙaramin mai nuna mashigi ne.

Na huɗu, nasara jarrabawa ce. Mutanen da tsoro ya haɗa kansu, da tsoro ya kau sai suka juya wa juna. Sau nawa muka ga an haɗu an gina masallaci ko makaranta cikin wahala, ranar da gini ya kammala sai rigimar shugabanci ta tashi? Turanshah bai faɗi a hannun Luwis ba, rashin godiyarsa ne ya kashe shi.

Na biyar, gaskiya a tarihi. Wanda yake karanta rabin da ke masa daɗi kawai, kamar yadda na so in yi a ɗakin nan, hira yake yi ba karatu ba.

Daga ƙarshe ina roƙon iyaye, ba sai an je Masar ba. Wanda yake kusa da Kano ya kai yaransa Gidan Makama, wanda yake wani gari ya nemi gidan tarihi ko tsohuwar ganuwar da ke kusa da shi. Ku tafi da littafi da alƙalami, ku tambayi wane ne ya yi, yaushe, kuma me ya biyo baya.

TAMBAYOYI

1. Wane sarki ne ya kafa Mansura, kuma mene ne ma'anar sunan?
2. Me ya sa Shajaratud Durri ta ɓoye rasuwar mijinta?
3. Me ya sa baraden Robat suka kasa yaƙi a cikin gari?
4. Ta wace dabara aka yanke wa Turawa hanyar abinci?
5. Kawo dalilai biyu da suka jawo kashe Turanshah.
6. Kwatanta yadda aka yi da kamammun Badar da yadda aka yi da na Faraskur.

A rubuta amsa da boko ko da ajami, a kawo wa malamin aji kafin hutun Alhamis. Wanda iyayensa suka taya shi ba laifi, amma ya rubuta da hannunsa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya haɗa kanmu a lokacin tsanani da lokacin yalwa, ya jiƙan magabatanmu.